Alƙaluman Talla a Kafofin Sada Zumunta: Abin da Suke Aunawa a Kasuwannin Fagge da Sabon Gari

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana ma'anar alƙaluman da kafofin sada zumunta irin su Facebook da Instagram da TikTok suke nuna wa mai shafi, da kuma bambancin da ke tsakanin saƙon da ya yaɗu ba tare da an biya ko kwabo ba, da saƙon da aka biya kuɗi domin a yaɗa shi. Don sauƙin bayani, za a riƙa kiran na farko saƙon kyauta, na biyu kuma saƙon biya. An zaɓi Fagge da Sabon Gari su zama wurin misali ne saboda a nan Kantin Kwari yake, a nan kasuwar Singa take, a nan kuma babbar kasuwar Sabon Gari take, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Da wuya a ratsa layi guda a waɗannan kasuwanni ba a ga wani yaron kanti ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton shadda ko atamfa ko takalmi don ya sa a shafi ba.

Talla kafin zuwan waya

Neman hankalin mai saye tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa Fagge zango ne na fatake, musamman masu zuwa daga arewa da raƙuma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi daga kudu, sa'an nan Kwarori suka kafa kantunan tufafi a Fagge, waɗanda daga baya 'yan kasuwa na gida suka gaje su. A duk tsawon wannan zamani hanyoyin jawo mai saye iri biyu ne. Akwai wadda ba a biya, watau mutum ya saya ya ji daɗi, ya gaya wa ɗan'uwansa, shi ma ya zo. Akwai kuma wadda ake biya, watau ta dillali da dillaliya mai shiga gida-gida, da 'yan kamasho masu tare baƙo a bakin kasuwa, da sanƙira, daga baya kuma aka sami shafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da tallan Rediyon Kaduna.

Abin lura a nan shi ne yadda ake biya. Dillali ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa, don haka mai kaya ya san abin da kuɗinsa ya sayo masa. Amma gidan rediyo kuɗin lokaci yake karɓa, ko an saurara ko ba a saurara ba, kuma babu mai iya cewa ga yawan kunnuwan da suka ji. Ana danganta wa wani attajirin Amurka mai suna John Wanamaker kukan cewa rabin kuɗin da yake kashewa a talla asara ne, sai dai bai san ko wane rabin ba ne. Kamfanonin kafofin sada zumunta sun zo ne da alkawarin share wannan kuka, domin su suna ƙirga kowane ido da kowane yatsa. Tambayar ita ce ko abin da suke ƙirgawa shi ne abin da mai kanti yake bukatar sani.

Matakan ƙidaya

Alƙaluman da ke cikin shafi suna da yawa, har sukan ruɗa wanda bai saba ba, amma idan aka tace su za a ga hawa-hawa suke kamar matakalar bene. Matakin ƙasa shi ne bayyana, watau sau nawa saƙo ya gilma a fuskar waya. Na sama da shi shi ne isa, watau mutum nawa daban-daban saƙon ya gilma wa. Waɗannan biyu su ne aka fi cakuɗawa. Yarinya mai tallan goro da ta ratsa gaban rumfa ɗaya sau biyar a yini ta bayyana sau biyar, amma mutum ɗaya ta isa gare shi. Idan aka raba yawan bayyana da yawan isa, sai a sami maimaici, watau sau nawa kowane mutum ya ga saƙon a matsakaici. Maimaici kaɗan yana da amfani, domin mutum ba ya cika riƙe abin da ya gani sau ɗaya. Idan ya yi yawa kuwa, kuɗi ne ake zubarwa wajen gundurar mutanen da suka riga suka ƙi. A 2024 kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sanar da cewa zai mai da yawan kallo ya zama babban ma'auni a shafukansa. Wannan kallo ɗan'uwan bayyana ne, domin mutum ɗaya yana iya kallo sau da yawa a ƙirga masa duka.

Mataki na uku shi ne tankawa, watau duk wani motsi da mai kallo ya yi: ya danna alamar so, ko ya rubuta sharhi, ko ya tura wa wani, ko ya adana saƙon. Na huɗu shi ne ya latsa ya shigo, ko ya aiko da tambayar farashi. Na biyar, wanda shi ne dalilin buɗe kanti tun farko, shi ne ya biya kuɗi ya karɓi kaya. Kowane mataki ya fi na ƙasa da shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi wahalar ƙirgawa. Shi ya sa lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a saman shafi ita ce wadda ta fi ƙarancin ma'ana.

Akwai kuma yawan mabiya, wanda mutane suka fi yin alfahari da shi. Mabiyi mutum ne da ya taɓa cewa yana so ya riƙa ganin saƙon shafi. Wannan bai tabbatar da cewa za a nuna masa ba.

Yadda kyauta ta ƙanƙance

An kafa Facebook a 2004, a 2006 ya ƙirƙiro jerin labarai da ke sauka a gaban mai amfani, a 2007 kuma ya buɗe wa kamfanoni da 'yan kasuwa damar buɗe shafuka da sayen talla. Da saƙonni suka yi wa mutane yawa, sai na'ura ta karɓi aikin zaɓe: ita ke duba dubban saƙonnin da suka cancanci a nuna wa mutum, ta yi hasashen waɗanda zai fi tsayawa a kansu, ta ɗora su a sama. A 2012 kamfanin da kansa ya faɗi cewa saƙon shafi yakan isa ga kimanin kashi 16 cikin ɗari na mabiyansa. A 2014 wani bincike na kamfanin talla na Ogilvy ya nuna abin ya sauko zuwa wajen kashi 6, a manyan shafuka ma wajen kashi 2. A watan Janairu na 2018 aka sake sauya tsarin don a fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na shafuka.

Kamfanin ya ce cunkoso ne ya jawo haka, kuma akwai gaskiya a ciki, domin idon mutum bai ƙaru ba alhali masu neman sa sun ninka. Sai dai kuma bai kamata a manta ba cewa kusan dukkan kuɗin shigar kamfanin daga talla yake fitowa, kuma a cikin 2012 ɗin nan ne ya fito da maɓallin da mai shafi zai danna ya biya a ɗaga masa saƙo. Wanda ya tara mabiya dubu goma a Kwari da guminsa, sai ya wayi gari ana neman ya biya kafin ya yi magana da mafi yawansu. Ya zama ɗan haya ke nan a rumfar da ya zaci tasa ce.

TikTok ya zo da wani salo, wanda sauran suka kwaikwaya: yana nuna wa mutum bidiyon waɗanda bai taɓa bi ba, gwargwadon abin da ya ga yana tsayawa a kai. A irin wannan tsari yaron kantin da ba shi da mabiya ɗari yana iya wayar gari bidiyonsa ya kai ga dubban mutane, washegari kuma ya sa wani ya tsaya a ɗari biyu. Isar kyauta ba ta mutu ba, amma ta zama kamar ruwan bazara, ba a yin lissafin shekara da ita.

Saƙon biya kuwa ta hanyar gwanjo ake sayar da shi. Duk lokacin da gurbin talla ya buɗe a wayar wani, na'ura takan gwada masu neman gurbin a cikin ƙiftawar ido, ta dubi abin da kowa ya taya, da yiwuwar mai wayar ya tanka, da ingancin tallan. Saboda haka babu tsayayyen farashi. Gurbin da aka samu da araha a watan Muharram zai yi tsada a ƙarshen azumi, lokacin da kowane mai shadda da leshi yake neman idon masu ɗinkin Sallah.

Misali da lissafi

Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, an zaɓe su don sauƙin rabawa. A ce wani mai atamfa a Kantin Kwari yana da mabiya 10,000. Ya sa hoton sabon zane kyauta, ya isa ga mutum 600, mutum 60 suka tanka, 12 suka tambayi farashi, 4 suka saya. Bayan mako guda ya biya naira 20,000 aka ɗaga wani saƙo makamancinsa, ya bayyana sau 30,000 ga mutum 15,000, mutum 300 suka tanka, 40 suka tambayi farashi, 5 suka saya.

Wanda ya dubi isa kaɗai zai ce saƙon biya ya ninka na kyauta sau 25. Wanda ya dubi kason tankawa kuwa zai ce na kyauta ya fi, domin shi kashi 10 cikin ɗari ya samu, na biya kuwa kashi 2. Dukkansu biyu sun yi kuskure iri ɗaya, watau sun gwada abubuwan da ba jinsi ɗaya ba. Mutum 600 na farko tatattu ne sau biyu: su da kansu suka zaɓi bin shafin, sa'an nan na'ura ta zaɓo waɗanda suka fi son sa daga cikinsu. Mutum 15,000 na biyu kuwa galibinsu baƙi ne da ba su taɓa jin sunan kantin ba. Ba abin mamaki ba ne tsohon abokin ciniki ya fi mai wucewa amsa sallama. Saƙon kyauta yana auna ƙarfin zumuncin da ke akwai, saƙon biya kuma yana auna tsadar ƙulla sabo.

Lissafin da ya dace da saƙon biya na kuɗi ne. Tun daga watan Janairu na 2022 ana ɗora harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan Facebook a Nijeriya, don haka naira 20,000 ta zama 21,500. Idan aka raba da masu saye 5, kowane ɗaya ya ci naira 4,300. In ribar turmi naira 2,000 ce, kuma kowa turmi guda ya ɗauka, to an sami 10,000 an kashe 21,500, an faɗi da 11,500, duk da cewa shafin yana nuna dubban kallo. Amma in ɗaya daga cikin biyar ɗin ɗan sari ne daga Maraɗi da ya ɗauki turmi 20, kuma zai dawo bayan wata biyu, to labari ya sha bamban. Wannan bambanci ba ya cikin alƙaluman waya ko kaɗan, yana cikin littafin kanti.

Har ila yau da sauran rina a kaba. A ce biyu daga cikin biyar ɗin tsofaffin abokan ciniki ne waɗanda da ma za su zo ko da talla ko babu. Ashe ke nan sababbin da kuɗin ya kawo uku ne, kowanne a kan fiye da naira 7,000. Wannan matsala ba ta ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ce. A 2012 kamfanin eBay na Amurka ya yi gwaji, ya dakatar da biyan tallan da ke fitowa idan mutum ya nemi sunan kamfanin a injin bincike. Masana tattalin arziki uku, Blake da Nosko da Tadelis, suka buga sakamakon a 2015, inda suka nuna kusan dukkan masu shigowa ta hanyar tallan sun ci gaba da shigowa ta hanyar kyauta da ke ƙasa da shi. Watau kamfanin ya daɗe yana biyan la'ada ga ɗan kamashon da ke tsaye a bakin ƙofa yana rako waɗanda suka riga suka nufo kantin. Mutanen Kwari sun san wannan ɗabi'a tun kafin a haifi eBay.

Mai hatsi ne ke riƙe da mudu

A kasuwar hatsi ba a yarda mai sayarwa ya zo da mudun da babu wanda ya taɓa gani ba. A kasuwar talla ta intanet kuwa, kamfanin da ke sayar da gurbin shi ne ke ƙirga wanda ya gani, shi ne kuma ke fassara ma'anar gani. Shekaru da dama Facebook yana ƙirga daƙiƙa uku a matsayin an kalli bidiyo, alhali bidiyon da kansa yake fara motsi. A 2016 kamfanin ya amsa cewa ya yi kimanin shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin kallon bidiyo, saboda yana fitar da kallon da bai kai daƙiƙa uku ba daga cikin lissafi. Masu talla suka kai ƙara, aka sasanta a 2019 a kan dala miliyan 40. Ba lallai ne a ce da gangan aka yi ba, amma kuskuren ya faɗa ne ta gefen da ya amfani mai mudun.

Haka kuma yake a wajen danganta ciniki da talla. Bisa tsarin da Meta ya saba sakawa tun 2021, idan mutum ya latsa talla ya yi sayayya cikin kwana bakwai, ko ya gan shi kawai ya saya cikin kwana ɗaya, to tallan ne ake bai wa ladan. A watan Afrilu na 2021 kamfanin Apple ya fara tambayar masu wayarsa ko sun yarda a bi sawunsu daga manhaja zuwa manhaja, da yawa suka ƙi, har Meta ya ƙiyasta cewa abin zai rage masa kimanin dala biliyan 10 a 2022. Tun daga nan wani ɓangare na alƙaluman ciniki ƙiyasi ne na na'ura.

Sa'an nan abin da ake ƙirgawa asusu ne, ba mutum ba. A Fagge ana samun gidan da waya ɗaya take hidimar mutum huɗu, da matar da ke zaɓen kayan lefe ta asusun ƙanenta, da saurayin da ke da asusu uku. Shekaru da jinsi kuma abin da mutum ya rubuta da hannunsa ne. Idan shafi ya ce yawancin masu kallon leshi maza ne 'yan shekara 18 zuwa 24, yana da kyau a tambaya wa ke leƙe ta kafaɗarsu. Ga kuma asusun bogi: a wata uku na farkon 2019 kaɗai Facebook ya ce ya rufe kimanin biliyan 2.2. Masu sayar da mabiya suna nan birjik, kuma wanda ya saya ya cuci kansa sau biyu, domin ya biya kuɗi, sa'an nan da na'ura ta ga mabiyansa ba sa tankawa sai ta ɗauka saƙonsa ba shi da armashi, ta ƙara rage masa isa.

Inda ƙidaya take tsayawa a Kano

An ƙera waɗannan ma'aunai ne domin ƙasashen da mai saye yake latsa talla, ya shiga shafin kanti, ya biya da kati, duk na'ura tana kallo. Ciniki a Kwari da Sabon Gari ba haka yake tafiya ba. Mace a Gusau takan ga zane a Instagram, ta ɗauki hotonsa ta tura wa yayarta, yayar ta kira lambar kantin ko ta aika saƙon murya ta WhatsApp, a yi tayi a daidaita, a tura kuɗi ta banki, a kai kaya tasha a ba direba. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke, kamfanin ba ya karanta abin da ke ciki. Iyakar abin da zai iya cewa shi ne an fara hira ta dalilin talla; ko hirar ta ƙare da sallamawa ko da albarka, bai sani ba. Wannan yana sa a raina saƙon da ya yi aiki, a kuma yaba wanda ya tara 'yan "nawa ne" da ba sa dawowa.

Jerin garuruwan masu kallo ma yana bukatar fassara. Kwari kasuwa ce ta ƙasashe, masu sari suna zuwa mata daga Nijar da Chadi da Kamaru, don haka ganin Maraɗi ko Damagaram a cikin jerin abin farin ciki ne. To amma daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulki, kallo daga can bai ragu don an rufe hanya ba, kaya ne suka kasa wucewa. A Sabon Gari kuma akwai batun harshe. Unguwa ce da ake jin Hausa da Ibo da Yarbanci da Ingilishi da broka a layi guda, kuma tana manne da Fagge, ta yadda da'irar da mai talla zai zana a taswira za ta haɗa duka biyun. Talla guda da aka rubuta da harshe ɗaya yana iya samun tankawa mai yawa daga rabin da'irar, shiru daga ɗaya rabin, matsakaicin da za a nuna kuwa bai siffanta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai nau'i na uku da ke tsakanin kyauta da biya, watau a ba wani ɗan fim ko fitaccen mai TikTok kuɗi ya sa kayan kanti ya yabe su a shafinsa. A alƙaluman kamfani wannan yakan fito a sahun kyauta, alhali kuɗi ne ya motsa shi, kamar yadda kirarin maroƙi ba shaida ba ce. Mai kanti ba ya ganin alƙaluman sai abin da mai shafin ya ga dama ya nuna masa. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta shigar da tallan intanet cikin abin da hukumar ke tantancewa, kodayake aiwatar da hakan a kan dubban ƙananan shafuka wani aiki ne daban.

Abin da ya shafi ma'aikaci

Ma'aikatu da hukumomi su ma sun buɗe shafuka, kuma jami'an yaɗa labarai suna sa waɗannan lambobi a rahotanninsu. A nan haɗarin ya fi na kasuwa, saboda ɗan kasuwa yana da aljihun da zai ƙaryata shafi in ya yi ƙarya, ofis kuwa ba shi da shi. Rahoton da ya ce sanarwar riga-kafi ta isa ga mutum dubu ɗari biyar bai faɗi yara nawa aka kai asibiti ba, bai kuma faɗi nawa ne daga cikin isar aka saya da kuɗin gwamnati ba. Wajibi ne mai karɓar rahoto ya nemi a raba masa kyauta da biya, a faɗi abin da aka kashe, da yankin da aka nufa. Jihar Kano ta ga irin wannan darasi tun kafin zuwan waɗannan kafofi: da aka dakatar da allurar shan inna a 2003 har zuwa tsakiyar 2004, ba rashin jin sanarwa ne ya hana iyaye ba, kowa ya ji, amincewa ce ta yi ƙaranci, kuma sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga aikin kafin a kai ga shelar kawar da cutar daga Afirka a 2020.

Yawan tankawa ma ba yarda ba ne. Sharhi dubu na zagi da sharhi dubu na yabo lamba ɗaya suke bayarwa. Takardun cikin gida na Facebook da suka fito fili a 2021 sun nuna cewa daga 2017 tsarin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyi ninki biyar na alamar so, kafin daga baya a rage. Saboda haka jami'in da ake auna ƙwazonsa da tankawa an tura shi ne, ko bai sani ba, wajen rubuta abin da ke tunzura jama'a. Masanin tattalin arziki na Ingila Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa ma'aunin da aka mayar abin buri yakan daina auna gaskiya.

Game da tallan siyasa da na sauran jama'a, tun 2019 Meta yana da rumbun talla a buɗe, inda kowa zai iya rubuta sunan shafi ya ga tallace-tallacen da yake biya a lokacin. Ɗalibi mai bincike ko ɗan jarida da ya ga wani saƙo ya cika gari yana iya dubawa can ya gane ko da ƙafarsa ya zo ko an biya masa kuɗin mota.

Gwajin da mai kanti zai iya yi

Hanyar gane amfanin talla ita ce wadda eBay ya bi, kuma ba ta fi ƙarfin mai rumfa ɗaya ba. Da farko ya sa yaronsa ya riƙa tambayar kowane sabon mai saye inda ya ji labarin kantin, a rubuta a gefen littafin ciniki. Zai fi kyau ya keɓe lambar waya guda da ba ta fita a ko'ina sai a saƙon biya, domin duk kiran da ya shigo ta nan an san asalinsa. Sa'an nan ya zaɓi garuruwa biyu da cinikinsa ya yi kusan daidai a cikinsu, alal misali Katsina da Gusau, ya biya talla a ɗaya ya bar ɗayan, na tsawon mako uku ko huɗu, ya gwada kayan da ya kai tashar kowanne. Bayan haka ya juya, wanda aka bari a da shi za a yi wa talla.

Sharaɗin gwajin shi ne a yi shi a lokaci guda, kada a gwada cinikin Sha'aban da na goman ƙarshe na Ramadan a ce talla ne ya kawo ƙari, kuma kada a sauya farashi ko irin kaya a tsakiya. Idan masu saye ba su wuce biyar ko shida a kowane gari ba, bambancin mutum ɗaya ko biyu yana iya zama sa'a ce kawai, kamar a ce an yi biki a wani gida a makon. Sai an maimaita gwajin sau biyu ko uku, a watanni daban-daban, kafin a yanke shawarar ƙara kuɗin talla ko janye shi.